Sauya Motocin Gwamnati Zuwa Masu Amfani da Lantarki: Inda Aka Kwana a Legas

Sauya motocin hukuma da injinan aikin gini daga fetur da dizal zuwa lantarki na daga cikin hanyoyin rage hayaƙin da ke gurɓata iska da ɗumama yanayi. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Najeriya ta yi alƙawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake iya kawarwa ba.

Dalilin farawa da gwamnati

Bas-bas ɗin hukuma suna bin hanya ɗaya kullum, kuma suna kwana a tasha ɗaya, don haka kafa musu wurin caji ba ya da wuya. Haka kuma, idan gwamnati ta saya da yawa, makanikai kan koyi gyaran, 'yan kasuwa kuma su shigo da kayan aiki. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya kammala mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 na lantarki tun 2017.

Matakan Legas

A 2023 hukumar sufuri ta jihar, LAMATA, da kamfanin Oando suka fara gwajin bas-bas na lantarki ƙirar Yutong. A watan Satumban shekarar aka fara jigilar fasinjoji a Shuɗin Layin dogo daga Marina zuwa Mile 2, wanda jiragensa ke amfani da lantarki.

Sai dai Jan Layin dogo, wanda ya fara jigila a Oktoban 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, da dizal yake aiki. Shi ne ya ratsa Agege, unguwar da Hausawa fataken goro da shanu suka daɗe da zama. A can, manyan motocin da ke kai shanu mayankar Oko-Oba da bas-bas ɗin haya na titin Abeokuta galibi fetur ko dizal suke sha, kuma masu sana'a a bakin titi ne suka fi shaƙar hayaƙin.

Injinan gini

Nan sauyin ya fi wuya. Katafila da motar haƙa ƙasa na buƙatar batura masu nauyi da tsada, ga shi galibi babu wuta a wuraren aiki. Duk da haka, birnin Oslo na Norway ya gwada aikin titi da injinan lantarki a 2019.

Tushen wutar

Amfanin sauyin ya dogara ne ga inda wutar ta fito. Mafi yawan lantarkin Najeriya daga iskar gas ake samar da shi, kamar a tashar Egbin da ke kusa da Ikorodu, saura kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Shiroro. Idan da janareta mai dizal aka yi cajin mota, hayaƙin bai gushe ba. Wuri kawai ya sauya. Wuraren caji masu aiki da hasken rana, irin waɗanda gwamnatin tarayya ta buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Legas a 2021, na kauce wa wannan matsala.