Shugabanci

shugabanci (suna, namiji): riƙon ragamar jama'a ko ma'aikata, da ɗaukar alhakin abin da aka cimma ko aka rasa. Dangoginsa: shugaba, shugabanni, shugabanta. Makusantansa: jagoranci, mulki.

A da, yawanci ana auna shugabanci da ƙarfin umarni, ma'aunin da ya kasa a wurin aikin zamani. Shugabancin da ke ɗorewa shi ne wanda ke raba iko yana kuma ba da lissafi. Ƙungiyoyin ajiya da lamuni na Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, hujja ce. Mata ke zaɓen shugabarsu, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, makullan akwati kuma suna hannun mutane daban-daban. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. Haka kuma zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kawo magadan gari da majalisu a gundumomin Tasawa da Mayahi, inda shawarar kasuwa da haraji ta matso kusa da talaka.

Wasu na cewa yawan shawara yana jinkirta aiki, jirgi kuma ba ya son matuƙa biyu. Gaskiya ne akwai ranar da dole mutum ɗaya ya yanke hukunci. Sai dai sauyin da aka ƙaƙaba wa ma'aikata yakan mutu da tafiyar wanda ya kawo shi, alhali wanda aka yi da su yana zama nasu. Saboda haka, a auna shugaba da yadda aiki ke tafiya bayan ya sauka.