Wa Ya Faɗa? Asalin Wata Gardama a Wikipedia

Wani ɗalibina a Belbeji ya zo mini da niyyar buɗe shafi a Wikipedia kan wani dattijon Tarka da ya kwashe shekaru yana sasanta manoma da makiyaya. Na tambaye shi a wace jarida ko littafi aka taɓa rubuta labarin. Ya ce ai kowa ya sani. Na ce masa wannan amsa ba za ta karɓu ba, kuma dalilin yana da tarihi.

A watan Mayun 2005 wani ya rubuta a Wikipedia ta Ingilishi cewa an taɓa zargin John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida a Amurka, da hannu a kisan Shugaba John Kennedy da ƙaninsa Robert. Ƙarya ce tsagwaronta. Mutumin ma ya yi aiki ƙarƙashin Robert, yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa. Amma maganar ta zauna a shafin wata huɗu, wasu shafuka suka kwafe ta. A ƙarshen Nuwamba ya kai kukansa jaridar USA Today. Cikin Disamba aka hana wanda bai yi rajista ba buɗe sabon shafi, daga baya aka kafa doka kan mutanen da ke raye: duk magana mai jawo taƙaddama, in babu madogara ingantacciya, a cire ta nan take.

Dokar ba ta kashe rigimar ba. A Janairun 2010 wasu masu kula da shafin suka hau goge tarihin rayayyun mutane marasa madogara, ba tare da shawara ba. Wasu editoci suka ce wannan ɓarna ce, kamata ya yi a nemo hujja a gyara. An daɗe ana ja-in-ja kafin a daidaita: sabon shafi irin wannan a ba shi 'yan kwanaki, in ba a kawo madogara ko ɗaya ba a goge.

Ni dai a kan zargi ina bayan masu gogewa. Duk wanda ya ga yadda jita-jita ɗaya a WhatsApp ke wargaza aure ya san mutunci ba ya jiran gyara. Inda nake da ja shi ne abin da ake kira madogara. Le Sahel a Yamai ake buga ta, ba kullum wakilinta ke leƙo Damargu ba. Labarinmu a bakin tsofaffi yake, da gidajen rediyo. A 2011 Achal Prabhala ya gwada naɗar hira da mutane a Indiya da Afirka ta Kudu don ta zama hujja, amma Wikipedia ta Ingilishi ba ta mai da hakan doka ba.

Saboda haka na tura yaron ya naɗi muryar dattijon, da izininsa, sannan mu nemi ɗan jarida a Damagaram da zai buga hirar.