Abin da ke tsayar da rezon ma'aikata alhali layin intanet lafiya lau yake

A ma'aikatun Tawa, da zarar kwamfutoci sun daskare sai a ce rezo ya ɗauke, a ɗora laifin kan kamfanin sadarwa. Sau da yawa kuwa layin da ya shigo daga waje lafiyarsa ƙalau. Cutar tana cikin gida, a jikin suwic, wato akwatin nan mai kafofi da yawa inda igiyoyin kwamfutoci ke haɗuwa. Mafi muninta ita ce wadda masu gyara ke kira bukul, wato zagaye.

Zagaye na aukuwa idan aka samu hanya biyu tsakanin suwic biyu, ko wani ya ga igiya a ƙasa ya soka bakinta biyu a suwic ɗaya. Saƙon Ethernet ba shi da wa'adin da zai mutu a hanya. Idan kwamfuta ta aika saƙon da ake nufin kowa da shi, suwic zai kwafe shi ya fitar ta sauran kafofinsa, saƙon ya dawo ta ɗaya hanyar, a sake kwafewa. Cikin ƴan daƙiƙu hanya ta cushe. Alamar ba ta ɓuya: fitilun kafofi duka suna ƙyaftawa tare ba hutawa, kuma ko shi suwic ɗin ba ya shiguwa balle a duba lafiyarsa.

Rigakafin ya daɗe. A 1985 injiniya Radia Perlman ta kamfanin DEC a Amurka ta ƙirƙiro tsarin STP, hukumar IEEE ta mayar da shi ƙa'ida a 1990. Na'urorin suna aika wa juna ɗan saƙo duk bayan daƙiƙa 2, su zaɓi jagora, su toshe hanyar da ta yi rara har ranar da ta farko za ta yanke. Tsohon tsarin kan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe hanyar ajiya. RSTP na 2001 ya rage jiran zuwa ƴan daƙiƙu. Sai dai yawancin ƙananan suwic masu araha ba su da STP sam, su ne kuwa ake ƙarawa a ƙarƙashin tebur idan ofis ya samu sabon ma'aikaci. Ko manya ba su tsira ba: a Nuwamban 2002 matsalar STP ta durƙusar da rezon asibitin Beth Israel Deaconess na Boston kusan kwana huɗu, likitoci suka koma takarda da alƙalami.

Akwai lokacin da ake sa igiya biyu ko huɗu tsakanin suwic biyu da gangan, a ɗaure su su zama hanya ɗaya mai faɗi. Tsarin LACP, wanda ya shigo cikin ƙa'idar 802.3ad a 2000, shi ke kula da wannan dami. Dole ɓangarorin biyu su yarda da juna. Idan duka an saita su su jira a fara yi masu magana, damin ba zai ƙullu ba. Haka idan saurin kafofin ya bambanta. Idan kuma an ɗaure ɓangare ɗaya da hannu ba tare da LACP ba, aka bar ɗayan sake, an buɗe wa zagaye ƙofa. Alamar lalacewar dami ta fi rikitarwa, don wasu kwamfutoci na aiki wasu ba sa yi, tunda suwic na raba su ne tsakanin igiyoyin. Wannan rabon ne ya sa igiya biyu masu gigabit ɗaya ɗaya ba sa ba wa fayil guda saurin gigabit 2.

Ɗaukewar wutar lantarki, wadda ta fi tsananta a Adar lokacin bazara, tana da hannu a nan. Suwic da yawa suna manta duk saitin da ba a adana ba idan suka mutu. Wuta na dawowa, dami ya warware ya koma igiyoyi biyu barkatai, in babu STP zagaye ya tashi, alhali ba wanda ya taɓa komai. Ƙurar hunturu kuma kan toshe fanka ta ɓata bakin igiya, kafa ta riƙa kamawa tana saki.

A wuri irin Keita, Barmu ko Takanamat, inda sai an jira mai gyara daga Tawa, ma'aikaci na iya yin gwajin farko da kansa. Ya fara tambayar igiyar da aka soka ƙarshe. In ba a sani ba, ya cire igiyoyin da ke haɗa suwic da suwic ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan jira yana kallon fitilu. Wadda cire ta ya sa suka lafa, ita ke kan hanyar zagayen. A bar ta a cire, a ɗaura mata alama, a bi ta har ɗaya bakin kafin a mayar da sauran.