Ranar da Nijar Ta Sha 3-0 Ta Tafi Gasar Afirka, Najeriya Ta Zauna Gida

A Kusa da sauran ƙauyukan bakin iyakar Jibiya, ba abin mamaki ba ne ka tarar da mutum mai ƙungiyar ƙasa biyu. Uwa 'yar Maradi, uba Bakatsine, kasuwa ɗaya, hanya ɗaya da ta bi ta Magama da Ɗan Isa. Tun asali ma Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi ne suka kafa Maradi, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkinta. Shekara da shekaru dai ƙwallon ƙasar nan ba ya buƙatar gardama: Najeriya ce mai zuwa gasar cin kofin Afirka, Nijar kuwa 'yar kallo. Ranar Asabar, 8 ga Oktoba, 2011, lissafin ya kife, kuma wani sashe na dokar hukumar CAF da mutane da yawa ba su karanta ba ne ya kifar da shi.

Da aka raba rukunan neman gurbin gasar 2012, wadda Gabon da Ikwatoriyal Gini za su karɓi baƙunci, ba wanda ya sa Nijar a lissafi. An haɗa ta da Masar, mai kofi bakwai, wadda ta ɗauki na 2006 da 2008 da 2010 a jere, da Afirka ta Kudu mai masaukin gasar duniya ta 2010, sai Saliyo. Mena, wato ƙungiyar Nijar, ƙarƙashin mai horarwa ɗan gida Haruna Dula, ta fara da shan kashi 2-0 a hannun Afirka ta Kudu. Wata guda bayan nan, a Oktoban 2010, Masar ta sauka Yamai, Musa Maazu ya zura mata ƙwallo ɗaya a filin Janar Saini Kunce, aka tashi a haka. Daga nan tsarin Nijar ya fito fili: a gida ba ta sassauci, a waje ba ta tsinana komai. Ta doke Saliyo 3-1 da Afirka ta Kudu 2-1 a Yamai, ta faɗi duk wasanninta uku na waje ba tare da ta ci ko ƙwallo ɗaya ba.

A ranar ƙarshe Nijar na Alƙahira, inda Masar, wadda tuni ta fita, ta fito da matasanta suka lallasa ta 3-0. A garin Nelspruit kuwa Afirka ta Kudu na karawa da Saliyo. Da labarin Alƙahira ya iso, mai horar da Afirka ta Kudu Pitso Mosimane ya lissafa cewa canjaras ya wadatar. Aka ja baya, aka yi ta cin lokaci, aka tashi babu ci, 'yan wasa suka zagaya fili suna rawa. Ƙasashe uku sun tsaya da maki 9 kowace, kuma Afirka ta Kudu ta ci 4 an ci ta 2, Nijar kuwa ta ci 6 an ci ta 8. In da bambancin ƙwallaye ake dubawa, kamar yadda aka saba gani a gasar Firimiyar Ingila a gidajen kallo, da rawar ta halatta.

Sai dai dokar CAF ta ce idan maki ya zo ɗaya, abin da ake fara dubawa shi ne sakamakon wasannin da masu kunnen dokin suka yi a tsakaninsu, irin yadda ake yi a gasar Sifaniya. Da aka cire Masar, Nijar na da maki 6, sauran biyun 5 kowace. Kashin da ta sha a Alƙahira bai shiga lissafin ba kwata-kwata. Hukumar ƙwallon Afirka ta Kudu ta kai ƙara, daga baya ta janye, don dokar a rubuce take tun kafin a buga wasan farko. Ni dai ban ga abin tausayi a nan ba. Ƙungiyar da ke gida, gaban magoya bayanta, ta zaɓi ta daina neman ci, ba ta da bakin cewa an zalunce ta.

Akwai wata dokar kuma da ta taimaki Mena a ɓoye. Maki uku ga wanda ya ci wasa sabon abu ne: Ingila ta fara shi a 1981, FIFA ta ɗauka a gasar duniya ta 1994. A tsohon tsarin maki biyu, nasara uku da faɗuwa uku maki 6 ne, alhali nasara biyu da canjaras uku maki 7 ne. Ke nan da Nijar ta ƙare ta uku.

A yammacin wannan Asabar ɗin ne Najeriya ta karɓi Gini a Abuja. Gini ta fara ci, Obinna Nsofor da Ikechukwu Uche suka farke suka kuma ƙara, ana 2-1, sai Gini ta rama a lokacin da aka ƙara bayan cikar minti 90. Gini ta wuce da maki 14, Najeriya ta tsaya da 11, wato ta fi Nijar da maki biyu. Ragowar fatanta shi ne gurabe biyu da aka ware wa waɗanda suka fi ƙoƙari cikin masu matsayi na biyu, amma nan ma doka ta ce a zubar da makin da aka samu a kan na ƙarshen rukuni. Maki shidan da aka kwasa a hannun Madagaska suka tafi, saura 5. Libiya da Sudan suka wuce. Rabon da Najeriya ta buga neman gurbi ta kasa tun gasar 1986. Rashinta a 1996 janyewa ce, na 1998 kuma hukunci. Kafin watan ya ƙare aka sallami mai horar da Najeriya Samson Siasia, a ƙarshen shekara kuma CAF ta ba Haruna Dula kambun gwarzon mai horarwa na Afirka.

Masu bin ƙwallon cikin gida ba su yi mamaki kamar sauran ba, domin a 2010 Nijar ce ta hana Najeriya zuwa gasar CHAN ta 'yan wasan da ke taka leda a ƙasashensu.

A Gabon dai abin bai yi wa Mena daɗi ba. Gabon ta ci ta 2-0, Tunisiya 2-1, Maroko 1-0, ƙwallon William N'Gounou a ragar Tunisiya ce kaɗai ta dawo da ita. Masu cewa sa'ar doka ce kawai sun samu abin faɗa, amma ba su daɗe ba. Neman gurbin 2013 gida da waje aka yi, kuma Gini ɗin nan da ta tare Najeriya ce ta faɗo wa Nijar. Gini ta ci 1-0 a gidanta, Mena ta rama 2-0 a Yamai ta wuce. A gasar, wadda aka buga a Afirka ta Kudu, Nijar ta samu makinta na farko a canjaras da Kwango ta Kinshasa, Najeriya kuma ta Stephen Keshi ta ɗauke kofin. Bajamushen da ya jagoranci Nijar a wannan gasa, Gernot Rohr, shi ne Najeriya ta ɗauka a 2016, ya kai ta gasar duniya ta Rasha a 2018.