Keke da Tsawon Ƙafar Mahayi: Waiwaye Daga Figil da Garwa

Garin Figil yana kan hanyar da ta taso daga Garwa ta nufi Marwa, a arewacin Kamaru. An fi saninsa da masana'antar siminti, amma a ƙauyukan da ke kewaye da shi keke ya daɗe yana kai manomi gona da kasuwa. Bahaushe kan ce keke ko basukur, Bafulatanin yankin kuma ya ce baskur. Asalin basukur da baskur Ingilishi ne, alhali Faransanci ne harshen hukuma a wurin. Wannan na nuni da cewa ta ɓangaren Nijeriya abin hawan ya fi shigowa. A zamanin mulkin mallaka ma, ta kogin Binuwai jiragen ruwa ke kai haja Garwa, da damina kawai.

Batun daidaita keke da jikin mahayi ya girmi zuwansa wannan yanki. A Ingila, cikin shekarun 1870, feda a jikin tayar gaba take, don haka tsawon ƙafar mutum shi ke yanke girman tayar da zai saya. Dogo ya samu babbar taya da gudu, gajere ya yi haƙuri. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover mai sarƙa a birnin Kobentiri. Daga nan awo ya bar taya ya koma kan firam, wato tsawon bututun da ke ɗauke da sirdi.

Sai dai keken da ya mamaye kasuwannin Kano da Yola da Garwa bai ba mai saye zaɓi sosai ba. Raleigh, wanda Hausawa ke kira Rale, da Phoenix na ƙasar Sin da ya biyo baya, tayarsu inci 28 ce, firam kuma galibi inci 22 ko 24. Ƙarfin ɗaukar buhu ake dubawa, kuma keke ɗaya ne na gida duka. Shi ya sa yaro kan zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya ya tuƙa a karkace, magidanci gajere kuma ya riƙa lilo bisa sirdi don ya kamo feda. Jiki ne ya bi keke, kuma gwiwa da gadon baya suka ɗauki wahalar.

Keken tsere ba ya lamuntar haka, domin mahayinsa a sunkuye yake na tsawon sa'o'i. Greg LeMond na Amurka, wanda ya ci tseren zagaya Faransa a 1986 da 1989 da 1990, ya yaɗa wani lissafi mai sauƙi. A auna daga ƙasa zuwa matsematsi, a ninka da 0.883, shi ne nisan saman sirdi daga tsakiyar gatarin da feda ke juyawa a kansa. Mai santimita 82 zai samu kusan 72, firam ɗinsa kuwa wajen 53 ko 54. Lissafin mafari ne kawai, don bai kula da tsawon hannu da na baya ba, waɗanda su ke nuna ko kan keken ya yi nisa.

An fara tseren zagaya Kamaru a 2003. Matashin Figil da ke sha'awar wannan wasa a yau, keken gwanjo zai fi samu, wanda aka auna wa wani a Turai. Sirdi ana ɗaga shi, ana sauke shi, amma firam ɗin da ya yi girma babu kanikancin da zai rage shi.