Yadda jijiyar da aka dasa a gwiwa ke warkewa bayan tiyata

A tsakiyar gwiwa akwai wata jijiya mai ƙarfi da likitoci ke kira ACL. Ita ce ke ɗaure ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, ta hana gwiwa zamewa gaba. Idan ta tsinke gaba ɗaya, da wuya ta haɗe da kanta. Shi ya sa likitocin ƙashi kan yanko wata jijiya daga jikin majinyacin, ko dai daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya, su huda ƙasusuwan biyu, su zura ta a ciki, su kafe ta.

Sai dai jijiyar da aka dasa ba ta zama a yadda aka sanya ta. A makonni huɗun farko, da yake an raba ta da hanyoyin jininta, yawancin ƙwayoyin halittar da ke cikinta mutuwa suke yi. Abin da ya rage sai zaruruwan kolajin, waɗanda jiki zai yi sabon gini a kansu.

Daga mako na huɗu zuwa na 12, ƙananan hanyoyin jini kan kutsa cikinta, sababbin ƙwayoyi su shiga suna warware tsofaffin zaruruwa suna saƙa wasu. A wannan tsakani ne ta fi rauni, kuma a lokacin ne ciwo da kumburi ke lafawa, har majinyaci ya ɗauka ya warke. Hanzarin komawa ga gudu, tsalle ko ɗaukar kaya masu nauyi na iya sa ta saki ko ta tsinke.

Haɗuwarta da ƙashi ma na da nata lokacin. Wadda aka ciro daga ƙasan ƙoƙon gwiwa tana zuwa da guntun ƙashi a kowane baki, don haka takan kama cikin makonni shida zuwa takwas. Ta bayan cinya kuwa kan ɗauki makonni takwas zuwa 12.

Bayan wata uku, zaruruwan kan fara jeruwa daidai da nauyin da gwiwa ke ɗauka, jijiyar ta riƙa kama da ta asali. David Amiel da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan sauyi a 1986, a binciken da suka yi kan zomaye. A jikin ɗan Adam yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu.

Wani bincike da aka yi a Norway da Amurka, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa kowane wata guda da ɗan wasa ya jinkirta komawa fili, har zuwa wata na tara, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Virgil van Dijk na Liverpool, wanda ya ji irin wannan rauni a Oktoban 2020, sai bayan kimanin wata tara ya sake buga wasa.

Saboda haka likitoci ba sa dogara da ɗaukewar ciwo. Sai sun gwada ƙarfin tsokar cinya da tsayuwar gwiwa kafin su ba da izini.