Yadda ake ajiye naman banda na leda bayan an buɗe shi

Damina ta farko da na yi a Agege, ƙanena ya zo mini da tsarabar kilishi daga Kano, a liƙe cikin leda. Na ci kaɗan, na ɗaure bakin ledar, na ɗora a saman kwaba yadda muka saba a gida. Ko mako bai cika ba na tarar fumfuna ta yi masa fari-fari, har da ɗigon kore. A Kano lokacin hunturu sai ya yi makonni a wurin ba abin da ya same shi. Iskar Legas da ta Fatakwal ba ta gida ba ce, cike take da laima, kuma busasshen nama shan ta yake yi.

Mutane da yawa na ɗauka hayaƙi ne ke hana nama lalacewa. Hayaƙi na taimakawa kaɗan, amma ainihin masu aikin su ne bushewa da gishiri da sanyi. Shi ya sa naman hayaƙi da ake sayarwa a leda ya kasu biyu. Akwai busasshe ƙarau, irin kilishi da banda wanda in ka lanƙwasa sai ya karye. Akwai kuma mai taushi, irin kaza ko talotalon hayaƙi da sosej da ake ɗaukowa daga firij a manyan kantuna. Wannan na biyun dafaffen nama ne kawai mai ƙanshin hayaƙi, da ruwansa a jikinsa. In a firij ka same shi a kanti, to a firij zai zauna a gidanka, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba.

Ranar ƙarewa da ke jikin leda ta naman da ba a buɗe ba ce. Da zarar wuƙa ta shiga ledar, lissafi ya canza. Mai taushi da aka yanka sala-sala yana yin kwana 3 zuwa 5 a firij mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, sosej kuma kamar mako ɗaya. Ni dai ina rubuta ranar da na buɗe a jikin mazubin, don kai ba ya riƙewa. A juye shi a roba mai murfi, a sa shi can ciki ba a jikin ƙofa ba, kuma kada ya zauna ƙarƙashin ɗanyen nama da ke ɗiga. Wanda ba za a ci a kwanakin nan ba, a raba shi ƙulli-ƙulli tun ranar farko a sa a firiza. Nan zai yi wata ɗaya zuwa biyu kafin ɗanɗanonsa ya fara raguwa. In za a narkar da shi, a firij ake yi, ba a kan teburin kicin ba.

A waje kuwa, awa 2 ce iyaka. In zafi ya haura digiri 32, kamar a shago mai rufin kwano da tsakar rana, awa 1 ce.

Sai babbar matsalarmu, wuta. Firij da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kamar awa 4 in ba a buɗe ƙofarsa ba. Firiza da ke cike maƙil tana kai awa 48, mai rabi kuma awa 24. To ka duba unguwarku. In ana yini ba wuta kuma ba janareto, firij ɗinka kwaba ce kawai mai ƙofa, kuma lissafin kwana 5 ɗin nan bai shafe ka ba. Gara ka sayi ƙaramar leda da za a cinye a ranar. Naman firiza da ya fara saki amma da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya narke ya yi ɗumi na awanni, a zubar. Na san da zafi, a tsadar naman yanzu.

Uwargida za ta ce ai ta sunsuna, ba ya wari. Wari da yauƙi da canjin launi alamu ne na gaske, amma rashinsu ba shaida ba ce. Ƙwayar cutar listeriya tana yaɗuwa har a cikin sanyin firij ba tare da ta canza ƙanshi ko ɗanɗano ba. A Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018, sarrafaffen nama na leda ya jawo annobarta, sama da mutum 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu, da yawansu jarirai. Tana iya jawo ɓari. Don haka mai juna biyu da tsofaffi da marasa lafiya kada su ci irin naman nan da sanyinsa. A ɗumama shi har tsakiyarsa ya yi tururi, wato digiri 74. Sai dai wuta ba ta gyara naman da ya riga ya kwana a zafi, domin wasu ƙwayoyin suna barin dafi wanda tafasa ba ta kashewa.

Busasshen ya fi haƙuri, abokan gabarsa laima da jiƙaƙƙen hannu. A ɗebi abin da za a ci da busasshen hannu, a matse iskar ledar, a saka a kwalba ko roba mai murfi da ke rufuwa gam, nesa da murhu da taga. Ɗan ƙullin da kamfanoni ke sakawa a ledar don shanye danshi ko iska, a bar shi a ciki, a kula kada yara su ci. Kilishi yana da ƙarin matsala, ƙullun gyaɗar da ke jikinsa mai ne, zafi na sa shi ya yi ɗaci da warin tsohon mai. A damina a nan kudu ba na barin buɗaɗɗen kilishi ya wuce 'yan kwanaki a ɗaki, saura firiza yake tafiya.

Masu banda suna mayar da ita kan wuta lokaci-lokaci don ta sake bushewa, kuma dabara ce mai kyau muddin ba ta fara lalacewa ba. In fumfuna ta riga ta fito, kankarewa da shanyawa a rana ba su wadatar ba. Saiwoyinta na shiga cikin naman, kuma wasu nau'o'inta, musamman masu kama gyaɗa, suna fitar da dafi mai illa ga hanta wanda girki ba ya cirewa. Kilishin ƙanena ma bola ya tafi, ban taɓa gaya masa ba.